Filin Sana'o'in Gida: Saƙar Safa a Khaddamari

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙasar Barno cikin watan Disamba ko Janairu ya san cewa ƙasar da ta yi suna wajen zafin rana tana da irin nata sanyin. Da rana ƙura ce ke rufe sararin sama, da asuba kuwa iskar hunturu takan taso daga wajen Sahara ta ratsa zana da danga, har ma'aunin zafi ya sauko kusa da digiri 12, alhali kuwa a watan Afrilu da Mayu yakan haura 40. A garin Khaddamari, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jere, wanda ke arewa maso gabas da Maiduguri a gefen fadamar shinkafar nan da kogin Ngadda ke shayarwa, lokacin nan ne mata ke fito da kwarashi da kibiyoyin saƙa daga ƙasan adaka, kamar yadda takwarorinsu ke yi a Kano da Katsina da Zariya. Wata ta saƙa wa jikanta hula, wata ta saƙa safar da za ta kai barka, wata kuma ta yi don kawai hannunta ya saba, ba ya son zama haka nan.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan aiki a matsayin abin rage lokaci na matan da ba su da abin yi. Filin namu na wannan mako zai duba ko haka abin yake.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya sani cewa saƙar safa ba baƙuwa ba ce a ƙasashen Musulmi, ko da yake a makarantun boko da cibiyoyin koyar da mata yawancin mutanen Arewa suka fara ganinta. Safa mafi daɗewa da masana suka samu, wadda aka saƙa da kibiya irin yadda ake yi yau, a ƙasar Masar aka tono ta, kuma an yi ta ne tsakanin ƙarni na 11 da na 13 na Miladiyya. Da zaren auduga aka saƙa ta, fari da shuɗi, shuɗin nan na baba irin wanda marinar Ƙofar Mata ta Kano ta sani, wasu ma da rubutun Larabci a jikinsu. Daga ƙasashen Larabawa ne ake jin sana'ar ta ƙetara zuwa Sifen, ta bazu cikin Turai. A shekarar 1589 wani limamin coci a Ingila mai suna Wiliyam Li ya ƙera na'urar saƙa safa, daga nan kuwa aikin ya fara komawa hannun inji. Duk da haka hannu bai daina ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, matan Ingila da Amurka da Ostireliya sun saƙa safa ba iyaka suna aika wa sojojinsu da ke kwance cikin ramuka masu ruwa da taɓo, domin ƙafar da ta daɗe a jiƙe cikin sanyi ruɓewa take yi.

Ita kanta Barno ba sai an koya mata darajar zare ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya isa Kukawa a 1851, ya tarar da ƙyallen saƙi da ake kira gabaga yana cikin abubuwan da ake ciniki da su a madadin kuɗi. A zamanin nan kuma, wa bai san hular Bama da hular Zanna Bukar ba? Bayan da 'yan Boko Haram suka kama garin Bama a watan Satumba na 2014, matan da suka gudo Maiduguri da kewayenta ba su zo da gona ko shanu ba, allura da zare suka riƙe, da ɗinkin hula suka ci da marayu a sansanonin gudun hijira. Hannun da ya iya zaman makonni a kan hula ɗaya, safa ba za ta gagare shi ba.

To, yaya ake yin ta? Saƙa dai ba kome ba ce illa ƙananan madaukai na zare, kowane an sarƙafa shi cikin ɗan'uwansa. Mai kwarashi tana aiki da madauki ɗaya a lokaci guda, shi ya sa aikinta ya fi sauri, kuma ya fi dacewa da safar jarirai da ba su fara tafiya ba. Mai kibiya kuwa takan jera madaukai masu yawa a kan kibiya biyu ta saƙa a shimfiɗe, sa'an nan ta ɗinke gefe. Gwanaye sukan yi da kibiya huɗu ko biyar masu tsini a kowane kai, su yi ta kewayawa, sai safa ta fito kamar hannun riga, ba ɗinki ko ɗaya a jikinta. Ana farawa daga baki, inda ake yin saƙa mai talewa don ta kama ƙwauri, a gangaro zuwa idon sawu. A nan ne ake rarrabe gwana da 'yar koyo, watau wajen juya diddige. Ƙafar mutum ba miƙaƙƙiya ba ce kamar sanda, a diddige ta karya, saboda haka dole mai saƙa ta tsaya ta yi ta kai da komo a kan rabin madaukanta, tana rage tsawon layi kaɗan kaɗan, har wurin ya zama ɗan ƙoƙo wanda diddige zai zauna a ciki. Daga nan ta tsince madaukan gefe, ta ci gaba da kewayawa zuwa yatsu, ta rage, ta rufe. Idan ta gama, sauran guda, kuma tilas ta biyun ta zo daidai da ta farko.

Ga ɗan lissafi don masu raina aikin. Safar babba, in da siririn zare ce, takan ɗauki madauki kamar 60 a kowane kewaye, da kewaye kamar 200 daga baki zuwa yatsu. Ke nan madauki 12,000 a ƙafa ɗaya, 24,000 a ƙafa biyu, kowane kuwa sai yatsa ya taɓa shi. Macen da ke yin wannan tsakanin girki da ɗebo ruwa da hidimar yara, kwanaki za ta yi kafin ta gama. Wanda aka miƙa wa irin wannan safa, kwanakin wata baiwar Allah aka miƙa masa.

Wannan shi ne ya sa kyautar safar hannu ta bambanta da ta kanti. Al'adar barka da suna ta ɗora wa mace nauyin da ba ta iya kauce masa, ko da kuwa aljihun gidan ya bushe. Maƙwabciya ta haihu, 'yar'uwa ta haihu, ƙawa ta haihu, kowacce sai an je, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Macen da ta iya saƙa, da ƙwallon zare ɗaya ko biyu za ta fitar da safa da hula na jariri, ta shiga gidan suna da mutuncinta, ba ta ci bashi ba, ba ta yi ƙaryar ciwon kai don ta ƙi zuwa ba. Kuma mai jego ta san bambanci. Sabulu da omo za su ƙare cikin wata guda, amma safar da Inna ko Yaya ta saƙa, ana ajiye ta har ƙanen jaririn ya zo ya sa.

Amma batun ya wuce kara da zumunci, ya kai ga rai. Jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. Kansa babba ne in aka gwada da jikinsa, kitsensa kaɗan ne, ba ya kuma iya rawar ɗari don ya ɗumama kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, in ya yi ƙasa da haka ya shiga haɗari, musamman bakwaini da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi. Jaririn da sanyi ya kama yakan kasa kama nono, ya yi laushi, ciwo ya sami hanyar shiga. A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, likitocin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi musu kaɗan suka ɓullo da dabarar ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure shi da zane. Wannan dabara ta karɓu a duniya, kuma a 2022 Hukumar ta ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwa. Abin lura a nan shi ne, kayan da aka ce a sa wa jaririn da ke ƙirjin uwarsa su ne ƙunzugu da hula da safa. Ashe abin da tsohuwa ke saƙawa a gindin dalbejiya yana cikin kayan aikin likita.

Jama'ar Jere kuwa sun fi kowa sanin abin da ake nufi da shiga hunturu ba shiri. A ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari kisan gilla a gonakin Koshebe, washegari aka binne mutum 43, aka bar zawarawa da marayu a bakin sanyi. A ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kamar yadda ambaliya ta taɓa yi a 1994, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na Maiduguri da Jere, ya tafi da katifu da barguna da tufafi, saura wata uku hunturu ya kama. A irin wannan hali, macen da ke da kwarashi da zare ba sai ta jira motar agaji ba kafin ta rufe ƙafar ɗanta.

Sai dai akwai abubuwan da ya wajaba masu saƙa su kiyaye, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yawancin zaren da ake sayarwa a Kasuwar Monday ta Maiduguri da sauran kasuwannin Arewa, ko da ana ce masa ulu, ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake sarrafawa a masana'anta. Yana da araha, yana jure wanki, amma in ya kusanci wuta narkewa yake yi ya manne wa fata. Saboda haka kada a zaunar da yaro mai safa ko suwaita irin wannan dab da kaskon gawayi. Na biyu, kada bakin safar jariri ya matse ƙafa, kuma a juya cikinta a yanke duk wani silin zare da ya yi saura, don yakan naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu. Na uku, kayan sanyi na lokacin sanyi ne. Naɗe jariri cikin ulu a watan Afrilu, wai don a ga kyan kayan barka, cutarwa ce. Tsofaffi masu ciwon sukari kuma, waɗanda ƙafarsu ba ta jin rauni da wuri, safar da ta fi dacewa da su ita ce marar ɗinki, mai sakakken baki, kuma a nan safar kibiya huɗu ta fi ta kanti. Ga dattijon da aka yi wa kyautar safa don fita sallar asuba, sai a tuna cewa a mazhabar Malikiyya huffin da ake shafa a kansa na fata ne, safar zare tsantsa cire ta ake yi a wanke ƙafa.

Babban abokin gabar wannan sana'a shi ne gwanjo da safar inji da ake shigowa da ita daga ƙasashen waje. Ba mai musun cewa sun fi araha, kuma ba wanda zai zargi talaka don ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai. Amma Arewa ta riga ta ga abin da ke faruwa idan aka sallama wa baƙo zare gaba ɗaya. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, wasu da dama suka bi bayanta, dubban ma'aikata suka koma gida. Saƙar hannu ba za ta yi gasa da inji wajen yawa ba, ba kuma a nan ribarta take ba. Ribarta tana wajen abin da inji ba ya yi, watau safar da aka auna da ƙafar mai ita, da ƙaramar hular da za ta zauna a kan bakwaini, wadda da wuya a same ta a kanti.

Saboda haka akwai kira ga ɓangarori uku. Ƙaramar Hukumar Jere da Ma'aikatar Harkokin Mata ta Jihar Barno su sa saƙa cikin abubuwan da ake koyarwa da gaske, kada a tsaya ga raba kwarashi ranar biki a ɗauki hoto. A kai masu koyo har ga juya diddige da awon ƙafa da lissafin kuɗin zare da na wahala, domin da yawa daga cikin mata suna sayar da aikinsu a kan kuɗin da bai wuce na zaren ba. Asibitoci da ɗakunan haihuwa na karkara, da ƙungiyoyin agaji masu raba kayan haihuwa, su riƙa sayen hula da safa daga hannun matan yankin, kuɗin ya zauna inda ake bukatarsa. Su kuma masu gida da masu saye, su daina taya aikin hannu kamar suna taya tumatirin yamma. Wanda ya tuna da madauki 24,000 ɗin nan zai ji nauyin neman ragi.

Iyaye mata kuma kada su bari abin ya tsaya a kansu. Yarinyar da ta koyi riƙon kwarashi tana shekara tara ko goma ta sami abin da ba ambaliyar da za ta tafi da shi, da ma Hausawa sun ce sana'a goma maganin mai gasa.  Mai niyyar kai safa gidan suna, yanzu ne lokacin ɗaura madaukin farko.

Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba ƙasar Barno zaman lafiya mai ɗorewa, amin.