Gajiyar ciwon tiroyid ba ragwanci ba ce



Akwai kalma guda da muke saurin jifar mace da ita in ta kasa tashi aikin gida: raguwa. Ni a ganina wagga kalma ta cuci mata da yawa, musamman masu ciwon tiroyid, waɗanda ke shan magani kullum amma gajiya ba ta sake su ba.

Tiroyid wani ɗan nama ne a gaban wuya, shi ke fitar da sinadarin da ke daidaita ƙarfin jiki da ɗuminsa da bugun zuciya. In ya kumbura, shi ne maƙoƙo. Amma ba kowane ciwonsa ke zuwa daga ƙarancin gishiri mai iyod ba. Akwai wanda garkuwar jikin mutum ce da kanta ke yaƙar naman har ya raunana. Lokotoro na kiransa Hashimoto, sunan likitan Japan da ya bayyana shi a 1912, kuma mata ya fi kamawa nesa ba kusa ba. Alamunsa: kasala, jin sanyi, ƙiba ba dalili, zubar gashi, mantuwa.

Maganinsa ƙwaya ce, levothyroxine, wadda aka fi sani a farmasi da Levothyrox. Tana maye abin da jiki ya daina samarwa, amma sannu take aiki. In aka canza awo, sai an yi sati 6 zuwa 8 kafin a sake gwajin jini na TSH. To, a nan haƙurin gida ke ƙarewa. Maigida ya ce: "Na kashe kuɗi, har yanzu kina kwance?" Uwar miji ta ce sammu ne. Ita kuma don ta rufe bakin mutane sai ta yar da ƙwayar, ko ta riɓanya ta, ko ta sayi tramol wajen mai tallar magani. Duka ukun haɗari ne. Riɓanyawa na kawo faɗuwar gaba da rashin barci, a daɗe ta raunana ƙashi.

Ke mai fama, duba waɗannan tukuna. Ana shan ƙwayar da ruwa zalla, ciki wayam, a jira minti 30 zuwa awa guda kafin kunu, hura, shayi ko kafe. In kina shan ƙwayar ƙarin jini ko ta kalsiyom, ki raba su da ita da awa 4, don suna hana ta shiga jiki. Zafi na lalata ta, kuma kun san Afrilu da Mayu a ƙasar nan. Kar a aje ta a taga ko kusa da murhu. Lokacin azumi ki tambayi lokotoro sa'ar da ta dace. In kin samu ciki, ki sanar da shi maza, don sau da yawa sai an ƙara awo.

In duk wannan ya daidaita, gwaji ya yi kyau, gajiya na nan, kar ki yi shiru. Ki nemi a duba ƙarancin jini, bitamin B12, ciwon suga, da kuma damuwa, don duk suna iya tafiya tare da wanga ciwo. Sannan ki raba aiki: mai nauyi da sanyin safiya, hutu da rana, ɗan tattaki da marece.

Ku kuma maza da dangi, naku ya fi sauƙi. Gwajin TSH ba a kowane CSI ake samunsa ba, sai an je babban asibiti. Ku ɗauki kuɗin mota da na gwaji. Ku sa ɗiya su kama mata daka da ɗibar ruwa. Kar a bar ƙwaya ta ƙare kafin a sayo wata, don mafi yawanci maganin na tsawon rai ne. Ciwon da ido bai gani ba, shi ma ciwo ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.