Kumburin Mafitsarar Kyanwa: Tsakanin Tausayi da Ganganci

Idan Bahaushe zai kwatanta mutumin da ba ya cutar da kowa, sai ya ce kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. To, kyanwa tana da wani halin kuma wanda karin magana bai kula da shi ba, wato ɓoye ciwo. Dabba ce mai haɗiye azabarta har sai abin ya kai intaha. Saboda haka duk ranar da aka ga tana zarya zuwa wurin da ta saba yin fitsari, ta tsuguna ta yi ta yunƙuri, ɗigo biyu ko uku ya fito, wani sa'in da jirwayen jini, sannan ta tashi tana kuka tana lasar ƙasanta, to ba shagwaɓa ba ce. In kuma ta yi fitsari a kan tabarma, ba rashin horo ba ne. Galibi mafitsararta ce ta kumbura. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, yawancin abin da mai kyanwa kan yi a wannan hali don tausayi ɓarna ce, alhali kuwa babban abin da zai taimake ta yana cikin randar gidansa.

Da farko dai ya kamata a san irin ciwon. Likitocin dabbobi sun gano cewa a cikin kyanwowin da ba su kai shekara goma ba, waɗanda ke zuwa da waɗannan alamomi, fiye da rabinsu ba a samun tsakuwa a mafitsararsu, ba a kuma samun ƙwayoyin cuta a fitsarinsu. Kumburi ne kawai da zogi. Nan ne aka sha bamban da ɗan Adam, wanda ciwon mafitsararsa yawanci aikin ƙwayoyin cuta ne. Ke nan wanda ya je kantin magani ya sayo kafso na kashe ƙwayoyin cuta ya ɗura wa kyanwarsa, ya yi harbi ne inda babu nama. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, ciwon kan lafa da kansa cikin kwana biyar zuwa bakwai, sai a ce kafso ne ya yi aiki. Bayan 'yan watanni ya dawo, a sake sayowa.

Wani likitan dabbobi na Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, Tony Buffington, ya daɗe yana bincike a kan wannan ciwo, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yana da alaƙa mai ƙarfi da tashin hankalin dabbar. Ƙaura zuwa sabon gida, ko baƙon muzuru mai haurowa ta katanga, ko hayaniyar biki ta kwana uku, ko yaran da ba sa barin ta ta runtsa, duk suna iya tayar da shi ga kyanwar da ke da wannan rauni. Wato dai mafitsara ce ke kuka, amma ba a nan kaɗai ciwon yake ba.

Sai batun zogi, wanda a nan ne babban ganganci yake. Da wuya a sami gidan da babu farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol. Magani ne da ake ba jariri ma in an auna, don haka sai mai gida ya ɗauka cewa abin da bai cutar da jariri ba, ba zai cutar da kyanwa ba. Sai ya ɓalli rabin ƙwaya ya cusa mata cikin kifi. Haƙiƙa guba ya ba ta. Hantar mutum tana da wani sinadari da ke ɗaure wannan magani ya fita da shi daga jiki, ita kuwa hantar kyanwa ba ta da isasshensa. Sai maganin ya juye ya zama dafi, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Cikin 'yan sa'o'i dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya yi wuya, fuska da tafukan ƙafa su kumbura. Ƙwaya guda mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa, kuma abin da bai kai rabinta ba ma ya isa ya yi ɓarna. Asfirin yakan daɗe a jikinta fiye da yadda yake daɗewa a jikin mutum, har ya taru ya yi illa. Ibufurofin kuwa yana cin ciki yana lalata ƙoda. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kamata ya fito daga aljihun mai gida zuwa bakin kyanwa.

Wannan ba yana nufin a bar ta cikin azaba ba. Akwai masu cewa ai dabba ce, ta jure, tun da ciwon zai wuce. Wannan ma kuskure ne, domin zogin kansa yana ƙara mata tashin hankali, tashin hankalin kuma ya ƙara kumburin. Akwai magungunan da suka dace da ita, kamar bufurenofin, wanda ake ɗiga mata a cikin kumatu, da meloksikam, wanda ba a bayarwa sai an tabbatar ƙodarta lafiya kuma jikinta bai bushe ba. Likita ne ke auna su bisa nauyinta. Asibitocin koyar da likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri ba don shanu da dawaki kaɗai aka gina su ba.

Muzuru kuwa nasa ya fi haɗari, kuma wannan ya kamata kowa ya haddace. Hanyar fitsarinsa doguwa ce siririya, majina da ɗan yashin da ke cikin fitsari kan iya toshe ta ƙurmus. Sai ya yi ta yunƙuri ba abin da ke fita, mai gida ya ɗauka taurin ciki ne, ya ce a jira gobe. Alhali fitsari na taruwa, ƙoda na tsayawa, sinadarin fotasiyam na hauhawa cikin jini har ya dagula bugun zuciya. Muzurun da ya toshe yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. In an ga ya yini bai yi fitsari ba, ga amai, ga kasala, mararsa ta yi tauri, to ba abinci ba ruwa ba jiƙo da zai buɗe shi. Sai hannun likita, kuma a ranar.

Dangane da abinci, asalin maganar ruwa ce. Kyanwar gida ta fito ne daga kyanwar daji ta ƙasashe masu ƙarancin ruwa na Afirka da Gabas ta Tsakiya, saboda haka ba ta da saurin jin ƙishirwa. Ta saba samun ruwanta daga abin da ta farauto, domin kusan kashi 70 cikin ɗari na jikin ɓera ruwa ne. Busasshen abincin kyanwa na leda, wanda yanzu ake jerawa a manyan kantuna, ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, na gwangwani kuwa yakan kai kashi 75 ko fiye. Kyanwar da ke rayuwa a kan busasshe ba ta shan abin da zai cike giɓin, sai fitsarinta ya yi kauri, ya riƙa ƙona mafitsarar da dama a kumbure take. A wani bincike da aka buga a 1999, an bi kyanwowi masu wannan ciwo tsawon shekara guda, ciwon ya dawo wa kashi 39 cikin ɗari na masu cin busasshe, amma kashi 11 kacal na masu cin na gwangwani. Kyanwowin ba su da yawa, don haka ba za a ce magana ta ƙare ba, amma ta yi daidai da hankali. Abin mamaki shi ne, kyanwar ƙauye mai kamun ɓera a rumbu ta fi ta gidan mai hali samun ruwa, ko da yake ita ta biyun ake kashe wa kuɗi.

Abin yi ba mai tsada ba ne. A jiƙa busasshen abincin, ko a sauya shi da mai ruwa sannu a hankali cikin mako guda ko fiye, don sauyin gaggawa shi ma tashin hankali ne. A ajiye ruwa mai tsabta wuri biyu ko uku, cikin kwano mai faɗi, nesa da wurin cin abinci da wurin fitsari, a riƙa sauyawa kullum, balle da bazara. Romon kaza ko na kifi wanda ba a sa wa gishiri da kayan miya ba yakan jawo ta ta sha. Ragowar tuwo da miya kuwa ba abincinta ba ne. Ita maciya nama ce zalla, kuma albasa da tafarnuwar da ke cikin miya suna fasa mata jajayen ƙwayoyin jini. Akwai kuma abinci na musamman da ake yi don masu ciwon mafitsara, yana da amfani, har yakan narkar da wata irin tsakuwa ta sinadarin magnesiyam. Amma ba ya narkar da ta kalsiyam, saboda haka saye kafin a gwada fitsari da ɗaukar hoton mara caca ce.

Ba za a rasa mai cewa ana fama da zazzaɓin cizon sauro a gari, ina ruwan wani da mafitsarar mage ba. Amsar ita ce, ba wanda aka tilasta wa ajiye kyanwa, amma wanda ya ajiye ya ɗauki amana. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha sananne ne ga ɗan makarantar allo ma. Kuma mafi yawan abin da ake nema ba na kuɗi ba ne: wani lungu mai tsayi da za ta hau ta ɓuya in gida ya cika, da hana yara bin ta da sanda, da daina dukanta in ta ɓata tabarma. In a ɗaki ake tsare ta, a zuba mata yashi mai laushi cikin faffaɗan mazubi, a riƙa kwashewa kullum. In kyanwowi biyu ne a gidan, mazubi uku ake ajiyewa a wurare dabam-dabam, domin mai ƙarfin takan tsare hanya, mai raunin ta yi ta riƙe fitsari har dare.