Cibiyar Cato da Fanshon Ma'aikacin Najeriya

Duk ƙarshen wata, ma'aikacin gwamnatin tarayya a Kaduna ko Gusau yakan duba takardar albashinsa ya ga an zare kashi 8 cikin ɗari an zuba a asusun fansho mai ɗauke da sunansa. Kafin 2004 ba haka ake yi ba. Gwamnati ce ke alkawarin biyan ɗan fansho daga baitulmali, kuma ba a manta yadda dattawa suka riƙa yanke jiki suna faɗuwa a layin tantancewa ba. Sabon tsarin da aka kawo a zamanin Obasanjo daga ƙasar Chile aka kwaikwayo shi. Wanda ya tsara na Chile, José Piñera, ministan ƙwadago ne a mulkin soja na Janar Pinochet, kuma tsarin nasa ya fara aiki a 1981. Daga 1995 ya sami rumfar da yake tallata hajarsa ga duniya: Cibiyar Cato da ke birnin Washington.

Ba Cato ce ta rubuta dokar fanshon Najeriya ba. Amma tunanin da ta shafe shekaru tana yi wa fanka ya iso aljihun mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba, don haka ya dace a san gidan.

A 1977 aka buɗe ta a San Francisco. Ed Crane ne ya riƙe ragama, attajirin man fetur Charles Koch ya zuba kuɗi, masanin tattalin arziki Murray Rothbard ya kawo suna. Ya samo sunan ne daga wasu maƙaloli 144 da Turawan Birtaniya biyu, John Trenchard da Thomas Gordon, suka wallafa tsakanin 1720 da 1723 suna sukar masu mulki. Su kuma sun sa hannu ne da sunan Cato, ɗan majalisar Rum ɗin nan da ya gwammace ya kashe kansa a Utica, cikin Tunisiya ta yau, da ya zauna ƙarƙashin Yuliyus Kaisar. Tafiyar ba ta yi nisa ba aka ɓata da Rothbard, aka raba gari a 1981, cibiyar kuma ta tattara ta koma Washington, kusa da waɗanda take son ja wa kunne.

Aƙidarta ba ta da sarƙaƙiya: a bar mutum da ransa da dukiyarsa, a bar kasuwa ta yi halinta, gwamnati ta tsaya ga tsaro da shari'a, a daina kai yaƙi ƙasashen mutane. Ba ta karɓar ko sisi daga gwamnati, da gudummawar ɗaiɗaikun mutane da gidauniyoyi da kamfanoni take tafiya. Aikinta rubutu ne da lissafi da taro, da ba da shaida gaban majalisa, da tura wa Kotun Ƙoli takardun shawara. Ta raba miliyoyin ƙananan kofe na kundin tsarin mulkin Amurka, waɗanda ke shiga aljihun riga.

Abin da ya ɗaga darajar Cato a idon mai wannan rubutu shi ne lokutan da ta juya wa abokan cin tuwonta baya. Yawancin masu ba ta kuɗi sun fi kusa da jam'iyyar Republican. Duk da haka ta ƙi goyon bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, har wasu masu tallafi suka janye. A 2003, lokacin da kusan duk cibiyoyin masu ra'ayin riƙau ke buga wa George W. Bush gangar shiga Iraƙi, masananta na harkokin waje sun ce kada a je. Sun kuma soki dokar leƙen asiri ta Patriot da aka yi cikin gaggawa bayan harin 11 ga Satumba.

Sai Janairun 2017, da Donald Trump ya rufe ƙofa ga 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman. Hujjarsa ita ce ta'addanci. Wani ma'aikacin Cato, Alex Nowrasteh, ya riga ya zauna ya bi hare-haren da baƙi suka kai cikin Amurka daga 1975 zuwa 2015 ɗaya bayan ɗaya, da ƙasar maharin da irin bizar da ya shigo da ita. Ya ƙirga waɗanda 'yan waɗannan ƙasashe bakwai suka kashe a ƙasar Amurka cikin shekarun nan arba'in da ɗaya, bai sami ko mutum ɗaya ba. Jaridu da lauyoyi suka ɗauki wannan adadi suka yi ta yawo da shi. Bai hana a saka Chadi cikin jerin a watan Satumban wannan shekarar ba, bai kuma hana a saka Najeriya a 2020 ba. Amma ɗalibin Sudan da aka tsare a filin jirgi ya sami mai kare shi daga inda bai zata ba.

Tun kafin wannan, irin wannan taurin kai ya kusa cin gidan. Bayan rasuwar William Niskanen, ɗaya daga cikin masu hannun jarin cibiyar, a 2011, Charles Koch da ƙaninsa David suka kai ƙara kotu a Kansas a 2012 kan hannun jarin mamacin, wanda zai ba su rinjaye. Ma'aikata da yawa suka fito fili suna cewa ana so a mai da cibiyar 'yar amshin shatan jam'iyya. Aka sasanta a watan Yuni: aka soke tsarin hannun jarin, Crane ya sauka bayan shekara 35.

To amma ba a nan labarin ya tsaya ba. Shekaru da dama Cato ta ba Patrick Michaels kujera yana cewa ɗumamar yanayi ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, alhali dukiyar da aka kafa gidan da ita daga matatar mai ta fito. Manomin da ke kallon damina tana rikicewa a Damagaram yana da haƙƙin tambayar wa wannan bincike ya amfana. Shugaban hukumar gudanarwarta na baya, Robert Levy, wanda bai taɓa mallakar bindiga ba, shi ya ɗauki nauyin shari'ar Heller daga aljihunsa, wadda a 2008 alƙalai biyar cikin tara suka tabbatar wa kowane Ba'amurke 'yancin ajiye bindiga a gida. A 2016 kuma cibiyar ta ba Flemming Rose lambar yabonta mafi girma, ta Milton Friedman. Rose shi ne editan shafin al'adu na wata jaridar Denmark da ya wallafa zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) a 2005. A wurin mutanen Cato 'yancin faɗin albarkacin baki ne, kuma aƙida guda ce ta sa suka kare Musulmi baƙi suka kuma karrama shi. Ga mai karatu Musulmi wannan cin fuska ne da babu bayanin da zai wanke shi, kuma ya nuna inda aƙidar ta makance: tana ganin cutar da gwamnati ke yi wa mutum, ba ta auna wadda mai alƙalami ke yi wa al'umma.

Fanshon ma bai ba su yadda suke so ba. Bush ya yi ƙoƙarin shigar da asusun kai-da-kai cikin tsarin Amurka a 2005, majalisa ko ƙuri'a ba ta kaɗa a kai ba. A Chile, dubban ɗaruruwan mutane sun cika titunan Santiago a 2016 suna neman a rushe kamfanonin fansho, saboda abin da ke zuwa hannun tsoho ya yi ƙasa da abin da aka yi masa alkawari. A Najeriya tsarin ya tara tiriliyoyin naira, ya kuma rage wawushe kuɗin 'yan fansho irin na da, wannan gaskiya ne. Sai dai an riga an cire sojoji daga cikinsa, kuma a Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda sun taru a ƙofar Majalisar Tarayya a Abuja, ruwan sama na dukansu, suna neman su ma a fitar da su.