Motar gazuwal mai kujeru bakwai: arahar Turai, lissafin Tchaké

Ɗan ci-rani da ke son aika wa gida mota yakan fara duba mai kujeru bakwai, irin su Opel Zafira, Peugeot 5008 ko Volkswagen Sharan. Dalilin a fili yake. A karamar hukuma irin Tchaké da ke gundumar Mayahi, mota guda ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ce ta biki, ita ce kuma ke ɗauko buhunan gero ranar kasuwa. Yawancin waɗanda ake samu da araha a Turai masu shan gazuwal ne, kuma arahar tana da dalili: birane irin su Brussels da Paris sun taƙaita shigar tsofaffin motocin gazuwal saboda hayaƙi, shi ya sa masu su ke neman rabuwa da su.

Tambayar ita ce ko arahar tana biyo motar har gida.

A da, lissafin mai yana goyon bayan gazuwal. Amma a watan Agustan 2022 gwamnati ta ɗaga litarsa daga CFA 538 zuwa 668, ƙarin da ya haddasa kafuwar ƙungiyar M62. A Yulin 2024 hukumomin soja suka rage shi zuwa 618, fetur kuma ya sauko daga 540 zuwa 499. Mu ɗauka motar gazuwal na shan lita 7 a kilomita 100, takwararta ta fetur lita 9: 4,326 ke nan da 4,491. Bambancin bai kai dala arba'in ba.

Inda gazuwal ya yi zarra shi ne samuwa. Matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, tana tace gazuwal fiye da buƙatar ƙasa har a sayar wa maƙwabta, alhali fetur ɗinta ba ya isa. Tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023, man bumburutu da yankin Maraɗi ya dogara da shi ya daina araha, kuma dogayen layukan Maris ɗin 2025 na masu neman fetur ne.

Sai dai babbar matsalar tana cikin injin. Motocin da aka ƙera wa Turai daga wajajen 2010 suna da matatar hayaƙi ta DPF, wadda sai an yi doguwar tafiya da gudu take ƙone baƙin hayaƙin da ya taru a cikinta da kanta. Tafiyar sannu a cikin rairayi tsakanin ƙauyuka tana toshe ta. Bututun fesa mai na waɗannan injuna ba sa jure gazuwal ɗin jarka da ruwa ko ƙura ya shiga, kuma gyaransu na bukatar na'urar kwamfuta da sai an je babban gari. Ga kuma cikin motar kusa da ƙasa: a ɗora mutum bakwai da kaya, a bar kwalta, sai tura. Kayan gyara ma hanyarsu ta ƙara tsawo tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

A ganina, wanda iyalinsa ke Tasawa ko Maraɗi, a kan babbar hanyar RN1, zai iya more irin wannan mota. Wanda zai aika Tchaké kuwa, ya fara kiran makanikin da zai riƙa duba ta, ya tambaye shi injin da ya sani da wanda ake samun kayansa a Maraɗi ko Katsina, kafin ya biya kuɗin jirgin ruwa da na kwastan.