Saran kububuwa da maganin da ake kiwo a tanki

Da kaka, manomi a Shanga ko Ngaski yakan cusa hannu ƙarƙashin dami bai duba ba, kuma nan kububuwa ke son kwanciya. In ta sari mutum, jininsa ya daina daskarewa. Dasashi ya riƙa tsiyaya, tsohon miki ya buɗe, ƙafa ta kumbura. Maganin dafi na asibiti ne ke tsayar da wannan, kuɗinsa kuwa yakan fi ƙarfin talaka.

Har yau da jinin dabba ake yinsa. Ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan, sannan a tace garkuwar da jikinta ya haɗa. Haka aka samar da EchiTAb: macizanmu aka kai Liverpool aka tatsi dafinsu, aka haɗa maganin a Birtaniya da Kosta Rika, mu kuma muke saye.

Akwai wata hanyar. A 1957 Theodore Puck ya fara renon ƙwayoyin halitta daga jikin wani ɗan ɓera na ƙasar Sin. Su ake kira CHO. Ana dasa musu ƙwayar gadon furotin da ake buƙata, a zuba su a tanki, a ciyar da su, su yi ta ƙera shi. Masana suna ninka wannan ƙwayar gado a cikinsu, suna kuma kashe ƙwayoyin gadon da ke sa su mutuwa da wuri. A 1986 lita ɗaya kan ba da kusan miligiram 50 na furotin. Zuwa 2004 an haura giram 4. Allurar ƙarin jini ta masu ciwon ƙoda daga irin wannan tanki take fitowa.

A 2018 masu bincike a Denmak sun nuna garkuwar ɗan Adam da aka ƙera a ƙwayoyin halittar da aka rena tana kare ɓeraye daga wani sashe na dafin baƙar mamba. Abin bai iso asibiti ba tukuna, amma duk ƙarin giram a lita ragin kuɗi ne ga mai jinya.

Abin da ke damuna shi ne kada a sake yi ba mu. Muna da masana irin Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, muna da ƙwarewar asibitin Kaltungo a jinyar saran maciji. Ya kamata jami'o'in Kano da Sakkwato su samu ɗakin renon waɗannan ƙwayoyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Kafin nan, gwamnatin Kebbi ta ajiye maganin da ake da shi a Yauri da Shanga tun kafin a fara yankan shinkafa.