Waƙa da Koyon Ingilishi: Darasi daga Gadon Wurno

A garuruwan gabashin Sakkwato, musamman Wurno da Rabah da Goronyo, matasa da yawa sun fi jin Ingilishi a waƙoƙin da ke cikin wayoyinsu fiye da yadda suke jin sa a aji. Wasu malamai na kallon haka a matsayin shiririta, wasu kuwa na ganin hanya ce ta koyon harshe cikin sauƙi. Ra'ayina shi ne waƙa tana koyar da harshe ƙwarai, amma da sharaɗi biyu: a tsara ta domin koyarwa, a kuma samu malamin da zai warware ta.

Magabatan wannan yanki sun daɗe da sanin haka. Almajirai sun koyi nahawun Larabci ta haddar Alfiyyar Ibn Malik, mai baiti kimanin 1,000, sun kuma tara kalmomi daga Ishiriniya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsara ilimin sarfu a waƙe cikin Hisnur Rasin. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ilmantar da matan karkara da waƙoƙi ta hannun jajis na 'Yan Taru, a daular da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya jagoranta daga ribaɗinsa na Wurno har rasuwarsa a 1837. A zamanin boko ma, Alhaji Shehu Shagari ya yi Waƙar Nijeriya domin koyar da tarihi da labarin ƙasa. A mafi yawan waɗannan misalai, darasi ne ya haifi waƙar, kuma akwai mai karantarwa da ke bin ta baiti-baiti yana fassara.

Waƙoƙin Legas da na Amurka da matasa ke saurare ba a yi su da wannan manufa ba. Suna horar da kunne, suna saba wa harshe da sautukan da Bahaushe ke tuntuɓe a kansu, kamar bambancin p da f, suna kuma dasa kalmomi a ƙwaƙwalwa saboda yawan maimaici. A fagen nahawu kuwa akwai matsala. Mawaƙin Legas yakan yi amfani da Buroka, inda dey da don ke nuna lokacin aiki, na Amurka kuma yakan kawo ain't da korewa biyu a jumla ɗaya. Kowane daga cikinsu kari ne mai tsarinsa, kuma masanin harshe ba zai raina shi ba. Sai dai mai gyaran takardar WAEC ko NECO daidaitaccen Ingilishi yake nema, kuma ɗalibin da bai sami kiredit a wannan darasi ba yakan rasa gurbin jami'a. Yaron da ba a nuna masa iyakar karin biyu ba shi zai biya wannan bashi.

A nan ne aikin masana Hausa ya taso, domin su suka fi sanin inda harsunan biyu suka saɓa. Hausa tana bai wa kowane suna tilo jinsi, shi ya sa ɗalibi yakan kira mota she a inda ake buƙatar it. Hausa tana rarrabe kai da ke da ku, alhali Ingilishi ya haɗe su cikin you. Hausa tana nuna lokaci a jikin lamirin da ke gaban aikatau, kamar na tafi da zan tafi, Ingilishi kuwa yakan sauya aikatau ɗin kansa, go ya koma went. Irin waɗannan ƙa'idoji sun dace da waƙar haddacewa: bayani da Hausa, misali da Ingilishi, bisa karin da kunnen yaro ya saba da shi tun daga makarantar allo. Carolyn Graham ta gwada makamancin haka a Amurka da littafinta Jazz Chants na 1978, inda ta ɗora jumlolin yau da kullum a kan kari.

Za a iya cewa koyar da Ingilishi ba hurumin masu nazarin Hausa ba ne. Amma malamin Ingilishi bai cika sanin aruli da amsa-amo ba, mawaƙi kuma bai san manhaja ba, sai an haɗa su. Ina kira ga masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da su haɗa kai da takwarorinsu na Ingilishi su tsara irin waɗannan waƙoƙi, a gwada su a wasu makarantun firamare na Wurno da Rabah da Goronyo na tsawon zango ɗaya, sa'annan a auna sakamakon a buga shi domin kowa ya tantance.