Takarar Sin da Japan: abin da ake gani daga Gaya

Ƙasar Sin da ƙasar Japan maƙwabtan juna ne a gabashin Asiya, kuma gabarsu daɗaɗɗiya ce. A yaƙin 1894 zuwa 1895 Japan ta rinjayi Sin, ta karɓe tsibirin Taiwan. A 1931 ta mamaye yankin Mancuriya, sa'an nan daga 1937 aka gwabza babban yaƙi wanda ya ci miliyoyin rayuka, bai ƙare ba sai da Japan ta miƙa wuya a 1945. Sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1972, amma gardama ba ta mutu ba a kan tsibiran da Japan ke kira Senkaku, Sin kuma ke kira Diaoyu. A 2010 tattalin arzikin Sin ya shiga gaban na Japan.

Yau dai an ajiye bindiga, takarar ta koma fagen ciniki da bashi da neman ma'adinai. Japan ta kafa taronta da ƙasashen Afirka, watau TICAD, a 1993. Sin ta kafa nata, FOCAC, a 2000.

A Nijar, Japan ce ta riga zuwa fagen ma'adinai. Kamfaninta OURD ya riƙe kashi 25 cikin ɗari na COMINAK, wanda aka kafa a 1974 domin haƙar uraniyom a Akuta, aka rufe shi a 2021. Sin kuwa man fetur ta kama: kamfaninta CNPC ya haƙa rijiyoyin Agadem, aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011.

Mutumin Gaya ba sai an ba shi labari ba. Shekara da shekaru kafin a rufe iyaka a 2023, motocin Toyota na hannu suna fitowa daga tashar jiragen ruwan Kwatano, su ƙetare gadar Malanbil, da yawansu su zarce Najeriya. Amma baburan Honda da Yamaha da Suzuki sun ja baya, domin na Sin sun fi araha ga ɗan kabu-kabu. Bututun man da Sinawa suka shimfiɗa daga Agadem zuwa Seme, mai tsawon kusan kilomita 2000, shi ma ta yankin Gaya ya ƙetare kogi.

To, ina darasin? A 2010, lokacin da rikicin tsibiran nan ya taso, Sin ta tsai da sayar wa Japan wasu ma'adinai da masana'antunta ke buƙata. Japan ta farga, ta shiga neman su a wasu ƙasashe. Nijar ma ta ɗanɗana irin wannan: an rufe iyaka a 2023, kasuwancin Gaya ya durƙushe, kuma a watan Mayu na 2024 Benin ta hana lodin manmu a Seme, sai da Sinawa suka shiga tsakani. Wanda duk ya dogara ga mai saye ɗaya da hanya ɗaya, ba shi ne ke yanke farashi ba.

Saboda haka wajibi ne ga ma'aikatan hukuma su ɗauki wannan takara da basira. Gabar Tokyo da Bejin ba tamu ba ce. Abin da ya shafe mu shi ne sharaɗin kowace yarjejeniya: ƴan ƙasa nawa za a ɗauka aiki, wace sana'a za a koya musu, bashin nawa ne, yaushe za a biya. Idan masu saye biyu suna neman hajarka, kai ke da ta cewa, muddin ka san darajarta.